Labari a Hannun Ɗan Wasa: Daga Kogon Amurka Zuwa Ganuwar Surame

Na sani wasu daga cikin malamanmu, Allah ya ƙara musu girma, da sun ga kan wannan maƙala za su ce yaron nan ya rasa abin rubutawa, ana zancen adabi shi kuwa ya kawo mana wasan yara. Ina roƙon su yi mini haƙuri su ji dalili tukuna. A zangon karatun da ya wuce, wani abokina da muke ɗaki ɗaya ya kira ni in zo in ga wani wasan yaƙi a kwamfutarsa. Ina duba allon sai na ga birni mai ganuwa, ga dawaki sanye da lifidi, ga 'yan baka, kuma in ya taɓa soja sai sojan ya amsa masa da Hausa. Na tambaye shi sunan garin, ya ce Surame. Na ce wane Surame? Ya ce na Kanta mana. Na ce to da wa kake yaƙi? Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce da rundunar Shehu Usmanu.

Ni mutumin Sanyinna ne, a ƙasar Tambuwal, kudancin Jihar Sakkwato. Duk wanda ya tashi a wannan yanki, daga Tambuwal har Kebbe, ya san sunan Shehu ba abin ambata da wasa ba ne, Tambuwal ɗin kanta ma ribaɗi ce ta Buhari ɗan Shehu. Abokin nan nawa kuwa Bakabe ne na Argungu, kuma abin da ya ji a bakin kakanninsa game da waɗancan shekaru ya sha bamban da abin da na ji a bakin nawa. To ga mu mu biyu gaban allo ɗaya, wasu marubuta daga wata uwa duniya sun tsara labarin kakanninmu, sun kuma miƙa wa ɗayanmu linzami. Tun daga wannan dare nake bin diddigin yadda labari ya shiga wasan bidiyo, da irin wahalar da masu rubuta shi ke sha, har yadda aka yi ya iso ƙofar gidanmu.

Mai sauraro da mai wasa

Kafin mu tafi ƙasashen Turawa, ya kamata mu fara daga gida, domin matsalar da ke damun marubucin wasan bidiyo Bahaushe ya daɗe da saninta. A tatsuniya, ragamar labari tana hannun mutum ɗaya. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, daga nan har ƙurunƙus ita ke jan zance. Yaro yana da baki, yana iya cewa ba haka aka yi ba jiya, yana iya jin tausayin wanda Gizo ya cuta, amma ba shi da hannun da zai hana kura faɗawa rami. A dara kuwa abin ya juye. Gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da kara wancan da tsakuwa, hannu shi ne kome, labari babu. In ma an sami labari, sai bayan an tashi, lokacin da 'yan kallo ke ba da yadda wane ya yi wa wane tarko.

Tsakanin waɗannan biyu akwai tashe. Mu da muka yi shi a Sanyinna, daga goma ga watan azumi, mun san Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu suna da ƙashin labari wanda ba ya sakewa, amma naman yana hannun yaron da ya manna audugar a haɓa ya ɗauki sanda. In maigida ya tanka masa da ba'a, dole ya san abin da zai mayar nan take, ba tare da ya fita daga tsufan nan da ya aro ba. Watau yaron ya shiga cikin labarin ya zama mutumin. Wanda duk ya fara ƙago irin wannan wasa, ya yarda ke nan zai bar rabin aikinsa a hannun yaran da bai sani ba. Umaru Dembo a Wasannin Yara da Ibrahim Yaro Yahaya a Tatsuniyoyi da Wasanni sun adana mana abubuwa da yawa na wannan fage tun farkon shekarun 1970, daidai lokacin da wasan bidiyo ke rarrafe a Amurka.

Akwai wani misali kuma daga rubutaccen adabinmu. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, aikin aku shi ne ya riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare, don kada ya fita ya bi sawun yaƙi. Abubakar Imam ya ba akun nan sa'a, domin Musa yakan zauna ya saurara har gari ya waye. Marubucin wasan bidiyo aku ne wanda Musansa ya riga ya hau doki, takobi a hannu, dole a ba shi labarin yana sukuwa, in kuwa aka cika shi da surutu sai ya danna maɓalli ya tsallake.

Daga 1972 zuwa gaba

Wasannin farko ba su da labari ko kaɗan. Pong na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1972, 'yan sanduna biyu ne da ɗigon haske yana kai da kawo, dara ce kawai ta lantarki. Labari ya shigo ta wata ƙofa dabam, ƙofar rubutu. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke mai suna Will Crowther, wanda ke da sha'awar shiga kogunan duwatsu, ya ɗauki taswirar wani sashe na babban kogon Mammoth da ke Jihar Kentucky ya mayar da ita wasa wajen 1976, Don Woods na Jami'ar Stanford kuma ya faɗaɗa shi a 1977. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta za ta rubuta maka inda kake tsaye da abin da ke gabanka, kai kuma ka rubuta mata umurni na kalma ɗaya ko biyu, kamar ka ce ɗauki fitila, ko nufi gabas. Daga nan ta gaya maka abin da ya biyo baya.

Nan ne wahalar farko ta bayyana, kuma har yau ba ta kau ba. Marubucin littafi yana rubuta abin da ya faru. Shi kuwa wannan dole ya rubuta duk abin da zai iya faruwa, har da shirmen da ɗan wasa zai gwada don neman tsokana. In mutum ya ce zai ci fitilar fa? In ya ƙi shiga kogon ya juya cikin daji fa? Kowanne sai an tanadar masa amsa, in ba haka ba asiri ya tonu, mai wasa ya gane inji yake magana da shi. Waɗanda suka ƙago Zork a jami'ar MIT daga 1977, suka kuma kafa kamfanin Infocom a 1979, sun yi suna ne saboda wasanninsu suna fahimtar cikakkiyar jimla, kuma suna mayar da ba'a ga mai ba'a, kamar dai yaron tashe da maigida.

A Japan kuwa ta hoto aka biyo. Donkey Kong na Shigeru Miyamoto, wanda Nintendo ta fitar a 1981, goggon biri ne ya sace yarinya ya hau bene da ita, wani ɗan gajeren mutum yana bin sa, shi ne daga baya ya zama Mario. Duk yaron da ya san tatsuniyar dodo da budurwa ba ya bukatar a fassara masa wannan. Amma da marubutan Japan suka so faɗin abin da ya fi haka tsawo, sai suka ci karo da ƙarancin wuri. Dragon Quest na 1986, wanda Yuji Horii ya rubuta, an cusa shi ne cikin kilobait 64, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba. Saboda matsi, daga cikin jerin haruffan Japananci da ake kira katakana guda 20 kacal aka iya sakawa, sai ya zama sunayen garuruwa da dodanni dole a ƙago su daga waɗannan haruffa. Mai karatu ya kwatanta a ce masa ya rubuta Ruwan Bagaja amma ban da harafin z, ya ga yadda zai yi da Malam Zurƙe.

Da faifan CD ya zo wuri ya samu, sai gardama ta koma wani wajen: shin ma ana bukatar labarin? Lokacin da ake shirya Doom, wanda ya fito a 1993, Tom Hall ya rubuta dogon kundi mai ɗauke da taurari da tarihinsu, abokan aikinsa suka ajiye shi gefe suka ce harbi ya isa, shi kuma ya bar kamfanin kafin wasan ya fito. Wasan ya karɓu ƙwarai, abin da ya ƙara wa masu raina marubuci ƙarfin gwiwa. Shekara huɗu bayan haka, a 1997, Final Fantasy VII ya zo a kan faifai 3, cike da guntayen fim da ake tsayar da wasa a nuna. A tsakiyarsa aka kashe wata yarinya mai suna Aerith a gaban ɗan wasa, bayan ya shafe sa'o'i masu yawa yana tafiya da ita, kuma babu maɓallin da zai danna ya cece ta. Shekaru aka yi ana yaɗa jita-jitar wai akwai wata ɓoyayyiyar hanya ta dawo da ita. Ni a ganina wannan jita-jita ta fi kowane sharhi bayyana halin ɗan wasa: an saba masa da cewa hannunsa na da iko, ranar da marubuci ya karɓe ikon sai ya ƙi yarda.

Half-Life na 1998 ya bi wata dabara. Kamfanin Valve ya ɗauko marubucin ƙagaggun labarai, Marc Laidlaw, suka yanke shawarar ba za a taɓa karɓe linzami daga hannun mai wasa ba, tauraron kuma ba zai ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Labarin sai aka watsa shi cikin wurin: abin da ma'aikata ke faɗa wa juna, ƙofar da ta karye, gawar da ke kwance a lungu. Haɗarin wannan hanya a fili yake, domin ana iya yin babban al'amari mai wasa yana can yana kallon bango.

Lissafin rassa da saɓanin hali

Sau da yawa akan ji ɗalibi ya ce ai gyaran abin mai sauƙi ne, a ba mai wasa zaɓi, labari ya bi inda ya zaɓa. To bari mu yi lissafi. In aka ba shi zaɓi tsakanin hanya biyu, kowace hanya kuma ta sake rabuwa biyu, kafin a yi haka sau 10 an sami ƙarshe 1,024. In aka kai sau 20, sun haura miliyan ɗaya. Babu marubucin da zai rubuta wannan, babu kamfanin da zai biya kuɗin zana shi da ɗaukar muryoyinsa. Saboda haka abin da ake yi shi ne a bar rassan su rabu kaɗan sa'an nan a sake haɗe su, kamar hanyoyin ƙauye da duk inda suka karkata kasuwa ɗaya suke faɗawa. Gwanintar ita ce kada mai wasa ya ga ɗinkin.

Ranar da ya gani kuwa akwai rigima. Kamfanin BioWare na Kanada ya fitar da Mass Effect kashi uku, a 2007 da 2010 da 2012, yana ɗauke da zaɓin da mutum ya yi daga kashi zuwa kashi. Da aka zo ƙarshe a watan Maris na 2012, masu wasa da yawa suka ga duk wahalar shekara biyar ta tattara ne ga 'yan ƙarshe da ba su da wani bambancin kirki. Suka yi ca a kan kamfanin, har a watan Yuni na shekarar ya fitar da ƙarin bayani kan ƙarshen kyauta. Marubutanmu masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp sun ɗanɗani irin wannan, in masu karatu suka taso a kan sai an raba wance da wane. Masu son su cika alkawarin zaɓi da gaske kuwa sai su yi ta rubutu ba ji ba gani. Disco Elysium na 2019, wanda Robert Kurvitz na ƙasar Estoniya ya jagoranci rubuta shi, ya kai kalma wajen miliyan ɗaya, kuma mai wasa ɗaya ba zai ga galibinsu ba a zagaye guda.

Wahala ta gaba ta fi wannan zurfi. A 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi sharhi kan BioShock inda ya raɗa wa matsalar suna, ma'anarsa saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da hannu ke aikatawa. Misalin da aka fi kawowa shi ne Uncharted, inda guntayen fim ke nuna tauraron saurayi ne mai fara'a da barkwanci, amma da an mayar wa mai wasa linzami sai ya harbe mutane ɗaruruwa, a dawo fim kuma a same shi yana raha kamar bai taɓa kashe ko kiyashi ba. Bahaushe zai ce hali zanen dutse ne, to a nan dutse biyu ne, marubuci na zana ɗaya mai wasa na zana ɗaya. Daɗin daɗawa, sau da yawa ba a kiran marubucin sai an gama gina filaye da dodanni, sa'an nan a ce ya zo ya ƙulla su da zance. Rhianna Pratchett, wadda ta rubuta Tomb Raider na 2013, ta kwatanta irin wannan kira da na ma'aikacin motar asibiti, wanda ba a tuna shi sai majiyyaci ya galabaita.

Yadda abin ya iso gare mu

A Afirka an ɗan jima kafin a shiga sana'ar. Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, ya yi wasa a kan Ananse, watau Gizon mutanen Akan. A Legas Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, da ƙananan wasanni na rayuwar titi. Wanda ya fi ɗaukar dogon labari shi ne Aurion, na kamfanin Kiro'o da ke Yawunde a Kamaru ƙarƙashin Olivier Madiba, wanda ya fito a 2016 bayan fama da ɗaukewar lantarki da ƙarancin jari. Labarin wani sarki ne da surukinsa ya ƙwace masa gadon sarauta ranar bikinsa. Abin lura shi ne duniyar wasan ƙagaggiya ce, babu kakan kowa a ciki, saboda haka babu wanda zai ce an taɓa nasa.

Mu kuwa ta ƙofar tarihi muka shiga, kuma wasu ne suka shigar da mu. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa cikin Age of Empires III, wasan yaƙi da gina daula na kamfanin Microsoft. Gaskiya an yi bincike, kuma ya kamata a yaba. Akwai barde mai lifidi, akwai maharbin Fulani, akwai maigadi, akwai kasuwar dabbobi, muryoyin kuma da Hausa. Amma bukatar wasa takan rinjayi tarihi. Wasan yana son kowace al'umma ta zo da shugaba ɗaya da babban birni ɗaya, to sai aka ɗauko Sarauniya Amina ta Zazzau aka ba ta Kano ta zama gidanta. Bazazzagi da Bakano su sasanta wannan tsakaninsu, ai taubasai ne. Makaɗin fada kuma aka kira shi griot, sunan da Faransawa suka yayata ga mawaƙan ƙasashen Mali da Senegal, alhali muna da maroƙi da makaɗi da sanƙira. A Civilization VII na watan Fabrairun 2025 Amina ta sake fitowa, a nan ma tsarin wasan ya raba shugaba da al'ummarsa, ana iya ɗora ta kan Aksum ko Songhai ko ma Rum. Ita dai Amina dama malaman tarihi ba su daidaita kan zamaninta ba, Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, wasu sun kai ta na 16, saboda haka tana da sauƙin ɗauka a kai ko'ina.

Surame ba haka yake ba. Cikin wannan ƙari na 2021 akwai yaƙe-yaƙen tarihi 3, ɗaya daga cikinsu an ba shi suna da Turanci mai ma'anar faɗuwar Hausa, shi ne wanda na tarar abokina yana bugawa. Bayanin da aka gabatar da shi ya nuna sarakunan Hausa sun yi sake, biranensu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun Shehu Usmanu, sai masu turjiya suka haɗa kai suka zaɓi tsohon birnin Kabi, Surame, su ja daga a can.

Bari mu ajiye wannan kusa da abin da tarihi ya riƙe. Kanta ya gina Surame a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai. Kabawa sun tashi daga cikinsa tun farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi, watau kusan shekara ɗari kafin jihadi. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka yi Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. A 1805 rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo suka jagoranta ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice ya ci gaba da turjiya har aka kashe shi wajen 1826. A ƙarshen 1805 ɗin nan aka yi Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha kashi mai tsanani, abokan gaba suka biyo su har Gwandu kafin a kore su. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Waɗannan su ne filayen da aka sani.

To me ya kai marubutan Surame? A ganina ganuwa ce ta kai su. Wasan tsare gari yana bukatar katanga da ƙofofi da suna mai nauyi, Surame kuwa yana da duka, kufansa na nan har yau da ragowar ganuwar dutse a arewa maso yammacin Sakkwato, an kuma sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964. Ta fuskar sana'a dabarar tasu tana da kyau. Tarihi sau ɗaya ya faru, ba shi da rassa, wasa kuwa dole ya ba mai wasa abin da zai ci. Sai suka sa ƙarshen a cikin sunan, kowa ya san faɗuwa za a yi, suka kuma nuna ko an ci masu tsaron, labarin tsayuwarsu zai jawo wasu. Nasarar mai wasa ta koma daɗewa a tsaye. Kuma wannan bai yi nisa da gaskiyar Kabi ba, domin turjiyar ba ta mutu da Hodi ba: Yakubu Nabame ya sake tayar da ita a 1849, aka yi ta gwabzawa tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa, kuma sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci Argungu, ziyarar da ake danganta bikin kamun kifi na yanzu da ita.

Inda na tsaya da su shi ne siffar da suka ba Shehu. A bayanin nasu madugun yaƙi ne na Fulani, shi ke nan. Malamin da ya shafe shekaru kusan 30 yana wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin a zare takobi, wanda ya bar littattafai masu yawa da waƙoƙi, wanda kuma ba shi ke jan runduna a fagen fama ba, duk wannan ya ɓace. Haka nan raba faɗan gida biyu, Hausa a nan Fulani a can, ya ɓoye Hausawa da yawa da suka bi Shehu da Fulanin da ba su bi shi ba. Ban ce mugunta ce ta sa su ba. Wasan yana bukatar launi biyu a kan taswira, ja da shuɗi, don mai wasa ya san wanda zai sara. Wa'azi kuwa ba ya shiga maɓalli da sauƙi. Amma yaron da ke Brazil ko Koriya wanda bai taɓa jin sunan Shehu ba sai a nan, abin da zai tafi da shi ke nan. Abokina ya ce mini to ai shi ma tun yana firamare littattafan da aka ba shi ba su taɓa tsayawa ta gefen Hodi ba, yau ne karo na farko da wani ya tsaya. Ban sami abin mayar masa nan take ba.

Akwai waɗanda suka fuskanci irin wannan suka bi wata hanya. Mutanen Inupiyat na Alaska, ta hannun majalisar Cook Inlet, su suka nemi masu yin wasa da kansu, suka zauna da dattawansu da masu ba da labarinsu, aka fitar da Never Alone a 2014. An gina shi kan wata tatsuniyarsu kamar yadda Robert Nasruk Cleveland ya bayar da ita, mai ba da labarin cikin wasan da harshensu yake magana, kuma da bukatar wasa ta sa za a sake wasu abubuwa, har aka mayar da tauraron yarinya, an tafi wurin 'yar marigayin an nemi yardarta. Wasan ya sami lambar yabo ta BAFTA a Ingila a 2015.

In da ɗalibin Hausa ne aka ba aikin Surame, ba zai tsira daga ko ɗaya cikin wahalhalun da na ambata ba, zai ma ƙaro nasa. Soja in an taɓa shi zai amsa da kalma biyu ko uku, kuma mai wasa zai ji su sau ɗari a dare ɗaya, to da wace Hausa zai amsa, ta Kano ko ta Kabi? Yadda dakare zai amsa wa sarki dabam ne da yadda almajiri zai amsa wa malaminsa, ranka ya daɗe wuri ɗaya, Allah gafarta malam wani wuri, kuma a wannan ɗan bambanci ne rabin labarin jihadi yake. Sa'an nan ga babbar tambaya, wa za a ba mai wasa ya zama? In aka sa shi cikin jama'ar Shehu, za a yarda ya iya faɗuwa a Tabkin Kwatto? In aka hana shi faɗuwa, an koma tatsuniyar kaka. In aka bar shi, akwai gidajen da ba za a kunna wasan ba a Tambuwal.

Daren nan dai da abokina ya gaji, sai ya turo mini linzamin ya ce in karɓa in tsare masa ƙofar gari ya je ya yi alwala. Na karɓa. Mahaya suna ta ɓullowa daga gefen allo, 'yan bakan Kabi suna tsaye kan ganuwa suna jiran umurnina, ni kuwa na san ko su wane ne ake nufi da masu zuwan nan. Na jera maharban, na ja dawakin baya, amma ban tura kowa ya fita ya tare su ba. Kafin ya dawo an fasa ƙofar. Ya dubi allo, ya dube ni, ya ce dama ya sani bai kamata ya bar wa Basakkwace amanar Surame ba. Muka kashe kwamfutar muka koma gardamar Alwasa, wa ya ci wa aka ci, har ladan ya kira assalatu.